BUSHIYA A KIFE

Shafi na 31

Daga Mas'uda 'yar Lausu

Salamu alaikum mutanen kirki, har da ku marasa haƙuri. Na ga saƙonninku kaf, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni Lausu. Bismillah, hanya a buɗe take, sai dai ki taho min da wuta a leda, don ita ce ba mu da ita. Ku kuma da kuka kwana kuna zagin Ubaidullahi, ban ce muku komai ba. Ku karanta tukuna.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Ubaidullahi mai fenti ne a Kibiya, shi ya ƙirƙiro wasan Dawa, wasan katin nan da samarin Kibiya da Kahu har Rano suka haukace a kansa. Kowane kati da dabbarsa, da hannunsa yake zanawa a kan kwali ya lulluɓe da solatif, ana musayarsu, ana cinye su a wasa. Jiya mun tsaya a kasuwa, inda Gwadabe na Kahu ya shafa gefen katin Bushiyar Ubaidu ya ji an tsaga shi da reza, ya ɗaga shi sama yana ihun maguɗi. Ubaidu ya tashi ya bar katunansa a tabarma ya yi gida. Ƙaninsa Mukhtar, wanda gobe da sassafe zai kama hanyar Maiduguri karatun likitan dabbobi, shi ya tsugunna ya tsince su ana yi masa dariya.

*

Mukhtar ko sallama bai yi ba. Ya banko ƙyauren ɗakin soro har sai da ya bugi bango ya dawo.

Ubaidu na zaune a bakin katifa, hularsa a kan gwiwa. Bai ɗago ba.

"Hamma."

Haka yake kiransa tun yana yaro, yadda ake kiran wa a gidan Fulani.

"Hamma, da kai nake."

"Ina jinka. Rage murya, Inna na tsakar gida."

Daga cikin gida ana jiyo taɓarya, dum, dum, dum. Inna Dije ce ke daka yajin da Mukhtar zai tafi da shi. Tun safe take fama, ta soya man shanu, ta yi dambu, ta ce ɗanta ba zai je garin mutane ya ci abinci salam ba.

Mukhtar ya zazzage katunan a tabarma. Zaki, Kura, Shaho, Gada, duk suka watse.

"Ga kayanka. Ni na tsince su. Gwadabe ya tsaya a kaina yana cewa in yi a hankali kar reza ta yanke ni. Yaran da ko tsarki ba su gama iyawa ba suna min dariya."

"Ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Ce min za ka yi ƙarya yake."

"Ba ƙarya yake ba. Ni na tsaga."

Wayyo Allah. Da Ubaidu ya ɗauki muciya ya maka masa, wallahi da ya fi masa sauƙi. Mukhtar ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa.

"Kai ne fa ka kori Habu daga wasa don kawai ya lanƙwasa kunnen kati."

"Ni ne."

"Har uwarsa sai da ta zo roƙo."

"Na tuna."

"To me ya sa?"

"Ina son ci."

"Ƙarya ne! Wa ya taɓa cin ka? Kai ka haifi wasan nan, Hamma. Ko da hannun hagu ka yi da Gwadabe sai ka kwashe masa katunansa ya koma Kahu da aljihu wayam."

"Na ce ka rage murya." Ubaidu ya shafa hularsa. "Je ka ƙarasa haɗa kayanka. Motar Kano ba ta jira, in ka rasa ta farko ba ka samun ta Maiduguri."

"Abin da za ka ce min ke nan?"

"Shi ke nan."

Ku da kuke karantawa kun san Mukhtar, zuciya gare shi kamar ta kai shi ƙasa. Ya zura hannu a aljihu ya zaro nasa katunan, ɗaure da roba. Ya tsinka robar, ya zaro wani tsohon kati da ya yi ja don tsufa.

Wannan katin yana da tarihi. Lokacin da mahaifinsu Baffa ya rasu, Mukhtar yana ƙaramin yaro, ya daina magana, ya daina cin abinci. Ubaidu ne ya yage kwalin sukarin da aka kawo gaisuwa, ya zauna da shi a bayan rumbu ya zana masa kati biyu, Ɗan Zaki da Bushiya. Daga biyun nan duk wasan Dawa ya fito.

Mukhtar ya matso ya ɗaga katin kusa da fuskar yayansa.

"Ka ga wannan? Ka tuna ranar da ka zana min shi?"

"Na tuna."

"To karɓi abinka. Ba zan tafi da kayan mai maguɗi ba."

"A'a, Mukhtar. Duk abin da na yi, Ɗan Zakin nan naka ne. Don kai na zana shi, da shi za ka tafi."

Mukhtar ya tsaya.

Ya juyo da katin ya kalla.

Bushiya ce. Ga ta nan a dunƙule da ƙayoyinta, kowa a Kibiya ko daga nesa ya hango ya san ta.

"Hamma... me ka ce?"

"Na ce ka riƙe Ɗan Zakinka."

Ɗakin ya yi tsit, sai dum, dum ɗin taɓaryar Inna. A hankali Mukhtar ya mayar da Bushiya, ya zaro wani katin daban, ya ɗaga.

"Wannan fa?"

"Wai jarrabawa za ka yi min?"

"Faɗa min kawai. Wace dabba ce?"

"Miƙo in gani."

"Ka gani daga nan."

"Ɗakin da duhu."

"La'asar ce fa, Hamma. Ga rana nan har kan ƙafarka."

Ubaidu ya miƙo hannu. Mukhtar ya ɗora masa katin, ya zuba wa hannun ido. Bai kai katin fuskarsa ba. Babban yatsansa ne ya hau bin gefen kwalin, sama, ƙasa, dama, hagu, yana neman wani abu. Katin Mukhtar ne, babu tsaga ko ɗaya.

Yatsan ya tsaya.

Mukhtar ya zube a tabarma ya hau tsintar katunan da ya watsar. Ya shafa Zaki, tsaga ɗaya a sama. Ya shafa Kura, biyu. Gada a gefe. Shaho a ƙasa. Har Zomo, katin da ake ba yara kyauta don ba ya tsinana komai, shi ma da tasa tsagar.

"Duka ne," ya faɗa. "Duka ka tsaga. Mai son ci Zaki zai tsaga, ko Bushiya. Wa ke tsaga Zomo, Hamma? Wa ke tsaga Zomo?"

Ubaidu ya ajiye katin a gefe.

"Ban taɓa zaɓen kati da shi ba," ya ce. "Allah ne shaidata. In aka gauraya, na sama nake ɗauka kamar kowa. Sai ya shigo hannuna nake shafawa in san wa nake riƙe da shi."

"Tun yaushe?"

"Na hagun ya jima da tafiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Na daman yana nan. Kamar mai leƙe ta bakin kwalba nake gani. In abu na gabana sak, ina ganin inuwarsa. In ya ɗan gota, shi ke nan."

Ni Mas'uda, a nan sai da na ajiye waya na fita na sha iska. Don duk abin da muka yi ta yi wa bawan Allahn nan fassara a shafukan baya, yanzu yake dawo wa Mukhtar ɗaya bayan ɗaya.

"Shagonka na Rano. Ka ce kasuwa ce babu."

"Na rubuta wa wani mai lodi suna a jikin mota, ya dawo ya ce layin ya karkace. Ni ban gani ba. A ranar na rufe."

"Babur ɗin da ka bar wa maƙwabcinmu Muntari."

"Na kusa take wata yarinya a kwanar Rano. Ta hagu ta fito."

"Ranar da ka wuce Malam Bello a hanya ba ka gaishe shi ba, har aka kawo ƙararka wai girman kai ya kama ka..."

"Na ba shi haƙuri ai."

"Ka ba shi haƙuri! Ka gwammace a ce maka mai girman kai. Yau ka gwammace a ce maka ɓarawon kati a gaban kasuwa. Hamma, wane irin mutum ne kai?"

"Rage murya."

Mukhtar ya goge hanci da bayan hannu.

"Ka je asibiti?"

"Na je Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya ba ni na ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma in aka yi aiki za a iya tsare sauran."

"To me ya hana a yi?"

"Ya ce sai na zo da mai jinya. Bayan aikin sai an riƙe min hannu, sai an yi ta kai ni ana dawo da ni."

"Ina nan fa! Ɗakina ga shi nan, bango ɗaya ne tsakaninmu!"

"Ranar farko da ya sa min, kana tsakiyar jarrabawa."

"Ta biyu fa?"

"Takardar jami'arka ce ta fito. Ka shigo da gudu ka ɗaga Inna sama tana zagin ka. Ta yi dariya, Mukhtar. Rabon da in ji dariyarta tun Baffa na da rai. Sai in ce me? Ku tsaya, ina da magana?"

Mukhtar ya dafe kai da hannu biyu.

"Ya sake sa maka rana?"

Ubaidu ya hau murza hularsa.

"Hamma!"

"Laraba."

"Wace Larabar?"

"Mai zuwa. Ya yi min faɗa sosai. Ya ce in na sake tsallakewa kar in zo in ce masa bai faɗa min ba."

Laraba kuwa Mukhtar yana Maiduguri a layin rajista, kuma a satin ake rufewa. Wanda bai je ba an ba wani gurbinsa. Dukansu biyu sun san da haka, ba sai an faɗa ba.

"Na fasa tafiyar."

"Ba ka isa ba."

"Wallahi na fasa."

"Kar ka rantse. Za ka tafi, ka yi rajista, ka zauna ka kama karatu. In ka yi nisa yadda ba za ka iya juyowa ba, sai in san yadda zan yi."

"Idon zai jira ka ne?"

"Abin da Allah ya rubuta."

"To a kira 'yar'uwarmu Adda Afra'u."

"Tana jego a Lausu. Da jaririn za ta riƙe min hannu?"

"Su Bappa ƙanen Baffa fa?"

"Sun yi kudu da shanu, ko waya ba ta shiga. Kar ka ce min Muntari. In Muntari ya ji da safe, kafin azahar matan unguwa sun shigo yi wa Inna jaje. In ta ji kuma ka san sauran. Ba za ta ce maka kar ka tafi ba. Za ta daina cin abinci ne kawai, jininta ya hau, kai kuma ka kwance jakarka da hannunka. Na san ta, na san ka."

Mukhtar ya kalle shi, hawaye na bin fuskarsa. Sai ya jawo katunansa, ya zaro tsofaffin biyun nan, ya buga su a tabarma a gaban yayansa. Ɗan Zaki a baya, Bushiya a gaba.

"Faɗa min dokar Bushiya."

"Mukhtar, ba lokacin wasa ba ne."

"Kai ka kafa ta. Duk wanda ya zo koyo, da ita kake farawa. Faɗa min."

Ubaidu ya yi ajiyar zuciya. Da ya fara, muryar koyarwarsa ce ta fito, wadda yake yi wa samari a gindin dalbejiyar kasuwa.

"Ba ta cizo, ba ta kai hari, shi ya sa wawaye ke musayarta da Kura. A kife ake ajiye ta a gaban Ɗan Zaki, kar abokin wasa ya san me ke wurin. Ya kawo Kurarsa ya buga yana zaton Zomo ne, ƙaya ta soke shi, ransa ya ragu. Ita kuma ta shanye. Shi Ɗan Zaki yana bayanta yana girma, ba abin da ya taɓa shi."

"Duka nawa take shanyewa?"

"Biyu."

"Na ukun fa?"

Ubaidu ya kawar da kai gefe.

"Na ukun fa, Hamma?"

"Ta mutu. Katin ya zama na abokin wasa, ba ya dawowa."

"Me kake ce mana kullum?"

"A ɗauke ta bayan na biyu."

"Wa zai sha na ukun?"

"Ɗan Zaki. Yana iya ɗaukar guda, sai dai girmansa ya koma baya zagaye ɗaya."

"Ƙarasa! Har da abin da ka ce wa Habu."

"Na ce wanda ya bar Bushiyarsa ta sha na uku don yana tausayin Ɗan Zaki, bai iya wasa ba."

"To ka tsallake ranar likita sau biyu. Na yarda in koma baya. Shekara ɗaya ce, in sake zama jarrabawar. Me zai same ni?"

Ubaidu ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji.

"Wannan kwali ne, Mukhtar. Ni na zana shi a bayan rumbu don in sa yaro ya ci tuwo. A kwali zagaye yana dawowa. Shekara nawa ka yi kana zama jarrabawar nan kana dawowa gida ka rufe ƙofa? In ka saki wannan, wa ya ce maka za ka sake samu? Ka zauna ka riƙe min hannu bana, baɗi gona ce, wata shekarar Inna ce. Ba za ka ƙara fita daga Kibiya ba."

"Sai me?"

"Sai me? Kana yaro, ba ka ga abin da na gani ba. Ni na tsaya da Baffa a ruga shanunsa na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kumfa a baki, ba wanda ya san me za a ba su. Ciwon shanun nan ne ya kwantar da shi, ba zazzaɓi ba. Ya riƙe hannuna ya ce ƙaramin nan a bar shi ya yi karatun. Ni ya faɗa wa. Ni zan amsa."

"Bai ce ka makance a kai ba!"

Kalmar ta fito da ƙarfi. Dukansu suka yi tsuru, suka kasa kunne. Dum, dum, dum. Inna na nan tana dakanta.

Ubaidu ya sassauta murya.

"Akwai sauran dokar da ban koya muku ba. In saura zagaye ɗaya tak Ɗan Zaki ya girma, ba a ɗauke ta. A bar ta ta sha. An rasa kati, amma an ci wasa."

"Yanzu ka ƙirƙiro ta."

"Wasana ne."

"Tunda nake ban taɓa ganin an cinye maka Bushiya ba. Ko sau ɗaya."

"To ka kusa gani."

Kai! Ni dai ban san wa zan bi ba a cikinsu. In na ce Ubaidu ya yi daidai na yi ƙarya, in na ce ban gane shi ba nan ma na yi ƙarya. Tausayinsa ne ya cika ni, haushinsa kuma na ci na.

Mukhtar ya miƙe.

"Inna zan faɗa wa. Ita ta raba mu."

"Mukhtar."

"Wai ma ya aka yi ba ta gane ba? Gida ɗaya kuke kwana!"

"Ta ina za ta gane? Ni ɗan fari ne."

Kun san dai alkunyar Fulani a kan ɗan fari, ta Inna Dije kuwa har ta fi ta kowa. Tun da ta haifi Ubaidu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wannan yaron, ko mai ɗakin soro, shi ke nan. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta shiga ɗakinsa, in zai gaishe ta kanta na kan ƙwarya take amsawa. Ko abinci, sai dai ta ce wa Mukhtar, "Kai wa wancan."

"Ba ta kallon fuskata," Ubaidu ya ce. "Da ina yaro abin na min ciwo. Ina ganin tana goya ka, tana maka wasa, ni sai dai in tsaya daga nesa. Yanzu kuwa gode wa Allah nake. Na haddace tsakar gidan nan da ƙafa. In shiga in gaishe ta in fito, ba ta san komai ba. Ka bar ta a haka."

"Hamma, don Allah..."

"Ni ne zan ce don Allah. Tunda kake ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau na roƙe ka. Ka rufa min asiri ka tafi."

Mukhtar ya kai bakin ƙofa, ya kama ƙyauren. Ya sulale a hankali ya zauna a jikin bango, can ta hagun yayansa, ya cusa fuska a gwiwa ya toshe bakinsa da riga don kar a ji kukansa.

Ubaidu ya sunkuya yana lalube a tabarma har ya tarar da tsofaffin katunan biyu. Ya matsa su tsakanin yatsu.

"Ka ga waɗannan ba sai na tsaga ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Ɗan Zakin ya fi kauri. Kwali biyu na haɗa, na san halinka, komai sai ka kai baki. Bushiyar falle ɗaya ce, kwalin ne ya ƙare."

Taɓarya ta yi shiru. Babu wanda ya lura a cikinsu.

"Gwadabe kuma ka rabu da shi. Kar ka je ka wanke ni. In ka wanke ni sai an tambayi dalili. Gara su ce na yi maguɗi, kwana biyu ne su manta. Wasan ma na bar musu, dama ba na iya zana sababbi."

Ya sa Bushiya a aljihun gaban rigarsa. Ya ɗago kai.

A cikin hasken ƙofa ya ga inuwar mutum a tsaye, daidai inda ya bar Mukhtar. Ya dafa bango ya miƙe, ya tako a hankali, ya miƙa Ɗan Zakin.

"Karɓi. Ka sa a jakarka."

Inuwar ba ta motsa ba.

"Haba ɗan Inna, karɓi mana. Ka yi min alkawari ɗaya, ba za ta ji daga bakinka ba. Ko na daman ya tafi gaba ɗaya, zan iya. Zan riƙa shiga ina gaishe ta yadda na saba. Wallahi ba za ta gane ba, ai ba ta kallona."

Sai a lokacin Mukhtar ya ɗago daga inda yake zaune. Abin da ya gani ya sa numfashinsa ya tsaya.

"Hamma..."

Muryar daga hagu ta fito, daga ƙasa.

Ubaidu ya daskare da hannu a miƙe.

Wani hannu ya kama nasa. Ba katin ya kama ba, wuyan hannun ya riƙe gam. Hannu ne mai kaushi, yana ƙamshin citta da barkono.

Inna ce, ta zo ne ta ce wa Mukhtar ya ɗanɗana yajin ko gishiri ya ji. Ga shi nan a tafin ɗaya hannun nata, yana zubewa ƙasa ba ta sani ba. Ta tako ta shigo ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Ta ɗaga kai ta kalli fuskar ɗanta sosai, ido cikin ido, shi kuma idonsa yana can gefen kafaɗarta yana nemanta.

Bakinta ya motsa sau biyu, ba abin da ya fito.

Sannan ta ce,

"Ubaidullahi."